Jinsunan Masu Neman Agogon Farko

Tun da Seiko ta fito da agogon batir a ƙarshen shekarar 1969, jama'a suka yi zaton sana'ar ƙera agogo da hannu ta yi sallama da duniya, sai ga shi Allah cikin ikonsa ya raya ta, har yau akwai maƙera masu zaman kansu a Suwizalan da Jamus da Japan, waɗanda ba su ƙarƙashin wani babban kamfani. To, duk wanda ya zauna da masu niyyar sayen agogonsu na farko daga hannun waɗannan bayin Allah, alhali aljihu bai kai buri ba, lalle zai ga jinsi-jinsi ne.

Akwai mai isnadi, wanda ba ruwansa da lokaci, sai silsila. Zai jero maka cewa Roger Smith na tsibirin Man almajirin George Daniels ne, kuma Philippe Dufour ya fito da agogon Simplicity a shekarar 2000, yana yi yana lumshe ido kamar mai jan ruwaya, ko da yake dukiyarsa kaf ba za ta sayi maɗaurin ɗaya daga cikin agogunansu ba. In kuwa ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya zaro waya.

Sai mai waswasi, wanda ya shekara uku yana auna injin Miyota da na Sellita, yana kukan wai wannan yana ƙara sakan goma a yini, alhali shi kansa bai taɓa isa wurin ɗaurin aure ba sai bayan an shafa fatiha.

Abin tausayi shi ne mai raya dare. Ya ji labarin Kurono, agogo mai rangwame da Hajime Asaoka na Tokyo ya tsara, wanda kan ƙare cikin 'yan mintoci da buɗe ciniki, saboda haka sai ya hana idonsa barci kamar mai jiran ganin wata, ya gyangyaɗa daf da lokacin, ya farka kaya sun ƙare, ya ce dama ba rabonsa ba ne. Ɗan kasuwa kuwa ya samu, amma ko ledar bai ɓare ba, ya adana shi kamar kayan lefe yana jiran tashin farashi.

Ba na mantawa da mai fatawa, wanda ya yanke hukuncin cewa duk maƙerin da ya sayo inji a wajen wani ba mai zaman kansa ba ne, har ma yana shakkar kamfanin Nomos na garin Glashütte.

Mutum ɗaya na ga ya tambayi wa zai gyara masa in mai ya bushe bayan shekara biyar, sa'an nan ya biya ya ɗaura. Shi kaɗai ne a cikinsu ya iya gaya mini ƙarfe nawa.