Kunya Ɗaya, Magoya Baya Goma

A ƙasar noman arewacin Kano, daga Ungogo da Minjibir zuwa Dawakin Tofa, Bichi da Dambatta, gona ba ta hutawa. Tun shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya rubuta yadda mutanen kewayen Kano suke noma fili ɗaya kowace damina, suna ciyar da shi da takin da jakuna ke ɗaukowa. In magidanci ya rasu kuma a sake yanka gonar tsakanin magada, namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya. Abin da ya raba gonar wani da ta wani bai wuce tushen gamba, ko jerin aguwa, ko wani gawo da kakanni suka bari ba. Saboda haka in aka zo huɗa, garmar shanu ta ci kunya ɗaya ta maƙwabci, gari ya samu abin yi. Masu gonar biyu sau da yawa za su iya kashe maganar kafin la'asar. Masu taya su ne ba za su bari ba.

Wanda ke fara isowa shi ne ɗan gani-kashe-ni. Bai ji abin da ya faru ba, bai ma san wace gona ake nufi ba. Sunan mutanen biyu kawai ya tambaya, ya san gefensa. Shi goyon baya gado ne. Kakansa ɗan NEPU ne lokacin da kakan wanda yake adawa da shi yake NPC. Da PRP ta dare gida biyu bayan Abubakar Rimi ya zama gwamna a 1979, gidansu taɓo suka yi, suka tsaya tare da Malam Aminu Kano, gidan su wancan kuma suka bi santsi. A 1983 Sabo Bakin Zuwo ya kayar da Rimi, kuma har yau wannan bawan Allah yana ambaton abin kamar hujja ce a kan iyakar gona. Yanzu launin hula yake dubawa. In ja ce a kan wanda garmarsa ta yi ɓarnar, to ko dai kunyar ce ta matso da kanta, ko kuma zalunci ne da ba a taɓa gani ba, ya danganta da irin hular da ke kansa shi.

A bayansa akwai ɗan amshin Shata, wanda duk jarinsa "ƙwarai kuwa" ne. Ba shi da illa sosai, sai dai yakan shagala ya amsa wa abokin gaba.

Mai bakin ganga ya fi su fasaha. Da hantsi yana zauren wannan yana shan kunu, yana cewa, "Wallahi Yaya, haƙurinka ya yi yawa, ni da ni ne da tuni an je gaban dagaci." Bayan isha'i yana ɗaya zauren, hannunsa cikin tuwon dawa: "Baffa, ai ni na gaya masa gaskiya, ƙi ji ya yi." Ba ya ƙirƙirar ƙarya daga tushe, a nan gwanintarsa take. Maganar da aka faɗa yake ɗauka, ya cire "in Allah ya yarda za mu daidaita" daga ƙarshenta, ya kai ragowar. Ranar da aka yi sulhu shi kaɗai ne ke kwana da yunwa.

Gwaggo kuwa daga ƙauyen aurenta take tahowa a bayan acaɓa, da ƙullin daddawa da tarihin shekara arba'in. Kunya ɗaya ba ta dame ta ba. Abin da ya kawo ta shi ne akuyar da ba a biya ba tun tana budurwa, da gudummawar bikin da aka kai ba a rama ba. Amma a yi mata adalci: sau da yawa ita kaɗai ce ta tuna wanda ya dasa aguwar, da shekarar da aka yi.

Sai lauyan gindin dalbejiya, mai rediyo a kafaɗa. Makarantarsa shirye-shiryen siyasa ne na gidajen rediyon Kano, inda sojojin baka ke kwana suna yi wa juna raddi. Ya ji cewa dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, kuma gaskiya ne, sai dai shi a fahimtarsa ma'anarta ita ce mai unguwa ba shi da ta cewa. Yakan ba da shawarar a tsallake mai unguwa da dagaci da hakimi a tafi kotu kai tsaye. Kuɗin mota da na takarda ba a aljihunsa za su fito ba.

Ɗan a-bi-yarima-a-sha-kiɗa ba ya magana sai ya ga inda fuskar dagaci ta karkata. Shekarun nan sun wahalar da shi. A 2019 aka ɗaga Bichi ta zama masarauta, ya rataya hoton sabon sarkinta Aminu Ado Bayero a shagonsa; a 2020 wancan ya koma Kano, ya sauya da na Nasiru Ado Bayero; a watan Mayun 2024 aka soke dokar masarautun, ya sauke hoton. Bai yar ba. Yana ƙarƙashin katifa, cikin leda, saboda ba a san gobe ba.

Ranar da mai unguwa ya fito da igiyar awo, ana taku ana tono tushen gamba da fartanya don a ga inda tsohuwar saiwa take, idon kowa kan koma kan dattijo guda, wanda ya yi noma a gefen gonar tun yana yaro. Ya san iyakar sarai. Amma ɗayan surukinsa ne, ɗayan kuma shi ke ara masa shanun huɗa. Sai ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya ce, "Ranka ya daɗe, ido ya yi rauni."

Can gefe, a kan babur, dillalin fili yana jira. Shi yana bayan kowa da zuciya ɗaya, yakan ma ranta wa kowane ɓangare kuɗin zuwa kotu. A Ungogo da Dawakin Tofa, inda birni ke cin gonaki ana yanka su filayen awon igiya, ya san magadan da suka gaji da shari'a sayarwa suke yi su raba kuɗi, kuma la'adarsa daga hannun mai saye da mai sayarwa take fitowa.