Taubashiya, Zoɓon Naki Har Da Rawar Ɗari?

Hajjaju baiwata, labari ya iso mini. Wai tun da likita ya ce ki yi hannun riga da sukari kika sallami mai alawar madara da mai gullisuwa, kika koma haɗa wani jan abu mai karkarwa a faranti, wai shi jeli. Madalla. Amma ni ne ubangidanki, dole in gaya miki abin da kike ci.

Garin jelatin ɗin nan da kike zuba wa kuɗi a kanti, daga fata da ƙashin dabba ake tatso shi. Kin san romon ƙafar saniya idan ya kwana a tukunya da hunturu, a wayi gari ya daskare yana rawa? To shi ne, an tace, an busar, an zuba a kwali. Ke da kike yatsina fuska idan kika tsinci ganda a miya, yau ga ki kina shan danginta da ɗan ƙaramin cokali, har da lumshe ido. Kuma ki riƙa duba bayan kwalin, don jelatin ɗin duniya da yawansa daga fatar alade yake. Nemi na saniya mai tambarin halal, ko na kifi.

Na ji kina cika baki da Jell-O kamar gadon gidanku ne. Wani kafinta ne, Pearle Wait, ya yi rajistar wannan suna a 1897 a garin LeRoy na jihar New York a Amurka. Rabin kofi na marar sukari kalori 10 ne kacal, mai sukarin kuwa wajen 80. Zaɓen marar sukarin kam kin yi dabara, ban hana ki ba.

Inda kika kwafsa shi ne wajen haɗin. Yaranki sun ce ranar nan tun hantsi kike leƙa firij, har la'asar abin yana nan tsululu, kina ta tsine wa mai kanti. Bawan Allah ba ruwansa. Ɗanyar abarba da ɗanyar citta kika gurza a ciki, su kuwa suna da sinadarin da ke tsinka jelatin ya kasa kamawa. Gwanda ma haka take. Tafasa su tare da zoɓon tun farko, zafi ya kashe musu kaifi. Sannan ki barbaɗa ƙunshin jelatin ɗaya, giram 7, a kan ɗan ruwan sanyi, ki bar shi minti 5 ya kumbura. Zuba masa zoɓo mai zafi, ba wanda ke ɓararraka a wuta ba, ki juya har ya narke, ki sa stevia daidai bakinki. Rabin lita yake ɗauka, kada rowarku ta gado ta sa ki tsawaita shi. Awa 4 a firij.

Firij ɗin kuma ai sai da wuta. Jelatin yana narkewa da zafi ya kai wajen digiri 35, ke kuma kina Kano, inda Afrilu ke haura 40. A ɗauke wuta da azahar, kafin baƙi su gama gaisawa jelinki ya koma zoɓo. Ki nemi garin agar, wanda mutanen Japan suka daɗe suna samu daga ciyawar teku. Shi sai an tafasa shi, amma in ya kama ba ya sakewa sai wajen digiri 85, ba ruwansa da dabba balle a yi ta tambayar yanka. Sai dai ba ya rawa, gatsawa yake, ke kuma na san rawar ce ta ja ki.

Abin da ya ɗaure mini kai, an ce sai kin share malmala uku ta tuwon shinkafa da miyar taushe sannan ki jawo jelin, kina ce wa mutane kina rage ƙiba. Likitan ya san da wannan lissafin? Cika-ciki dai na tafe, ki tanadi kuɗin sharata a hannu. Kada ki kuskura ki aiko mini da kwanon jeli a madadinsu, don kafin ɗan aike ya wuce Kwanar Dangora ya tsiyaye masa a riga.