Faransancin da ba ya wuce zaure

Wani ƙanena ɗan lise a Magarya ya dawo daga lakwal da takarda, wai a rubuta harshen da ake yi a gida. Ya zaro bik ya rangaɗa "Faransanci". Inna kuwa na gefe tana tankaɗen gari, baiwar Allah da iyakar Faransancinta "bonjur", shi ma ba ta ware masa safe ko dare.

Na san irin waɗannan samarin tun daga Bande har Dungas. A bakin titi, kaye a hammata, sai "mon ami" da "donk" ke tashi, musamman in 'yan mata na wucewa. Da sun taka zaure, harshen Faransa sai ya tuɓe takalmi ya tsaya waje. Namu ya taɓa gwada shigo da shi har madafa, ya dubi Inna ya ce, "Je fan," wai yunwa yake ji. Ta ce, "In je ina, don gidanku?" Ranar sai da ya nemi tuwo da Hausar Damagaram tsantsa, har da "don Allah".

Baba shi ne babban mai laifi. Ba ya jin ko kalma, amma in an yi baƙi sai ya kira yaron: "Zo ka yi musu nasaranci." Ko jadawalin lissafi ya karanto, Baba gyaɗa kai yake yi.

Abokin ƙanen nawa, wani Bafulatani daga wajen Dogo-Dogo, ya fi shi wahala: Fulatanci da kaka a ruga, Hausa a kasuwa, Faransanci gaban mushe, ga 'yan kalmomin Ingilishi da ake tsintowa a Maigatari tare da canjin naira. Harshe huɗu a baki guda, amma in malam ya ba shi sifili sai a ce yaro ba shi da kai.

To, a Maris ɗin 2025 hukuma ta ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Na kai wa Inna albishir da gudu. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Da can da me suke tsammani muke magana? Miƙo mini rariya."