Kuɗin Mota da Kuɗin Anko

Mu dai a unguwar nan takarda iri biyu yaranmu na sakandare kan shigo mana da ita daga makaranta, kuma kowace da irin tarbar da muke yi mata. In ta bikin yaye ɗalibai ce, kafin yarinya ta cire hijabi labari ya kai maƙwabta. Uwa ta ɗauki adashi, a fitar da anko, tela ya sha sintiri, a kira mai hoto, har da su lalle da kitso. In kuwa takardar fita ziyara ce, wadda aka ce uba ya sa hannu ya ba da kuɗin mota za a kai 'yan aji Gidan Makama ko karofin Ƙofar Mata, sai ka ga an haɗa gira. "Ajiye a kan talabijin, zan duba." Nan za ta kwana uku, ranar da za a tafi a ce ai ba a gani ba.

An tayar da maganar nan a majalisarmu bayan la'asar, wani dattijo a cikinmu ya ce, "Malam, ku gaya mini, Gidan Makamar da muke wucewa ta gabansa kullum in za mu Kurmi, shi ne sai an biya kuɗi an kai yaro?" Sai mai shayinmu, yana tsiyaya ruwan zafi, ya ce, "Baba, Allah ya ba ka haƙuri, kai ka taɓa shiga?" Aka yi tsit, sannan aka fashe da dariya, don da aka bi layi da tambayar, yawancinmu katangar kawai muka sani. Haifaffun birni, wasu da jikoki, amma ba mu taɓa taka zauren farko ba. Haka muke. Baƙo zai taso daga Jamus ko Japan ya zo ya yini yana kallon abin da ke bayan gidanmu, mu kuwa muna ganin ai namu ne, ba inda za shi.

Alhali yaron da aka shiga da shi gidan nan ba ya fitowa yadda ya shiga. Ginin kansa tun zamanin Muhammadu Rumfa ne, wanda ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499, kuma shi ne dai sarkin da ya kafa kasuwar Kurmi. A aji malamin tarihi zai rubuta wa yaro cewa Turawa sun ci Kano a 1903, ya haddace, ya zuba a jarrabawa, ya manta. Amma in ya tsaya a gaban ƙyauren tsohuwar ƙofar gari, ya ga kaurinsa, ya ga sulke da kwalkwali da bindigogin da aka yi yaƙi da su, to wannan shekarar ta zauna masa ke nan. Daga nan a wuce da su Nassarawa, Gidan Ɗan Hausa, a ce musu nan ne gidan Hanns Vischer, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909. Sai ka ji yaro na tambaya, "Malam, ashe bokon ma a nan ta fara?"

Ni wadda ta fi burge ni ita ce ziyarar karofi, kuma ina ganin duk malamin kimiyya da ke cikin Kano ya kamata ya kai ɗalibansa. Ka ga 'yan mata da fararen hijabai sun kewaye bakin rami suna toshe hanci, marini yana zaune a gefe, hannuwansa sun rine har gwiwa. Ya tsoma farin ƙyalle cikin ruwan baba da toka, ya juya, ya ɗaga. Ƙyallen ya fito kore-kore. Ya riƙe shi a iska, a gaban idonsu ya soma juyewa yana komawa shuɗi. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagawa, shuɗin na ƙara duhu. Nan malama za ta ce, "To kun ga abin da na yi ta zana muku a allo: iskar da muke shaƙa ce ta haɗu da baban rinin ta sauya masa launi." A makarantar da ɗakin gwajinta babu komai sai kujeru da ƙura, wannan tsayuwar ta rabin awa ita ce gwajin da yaran za su gani da idonsu a duk zangon. Shi kuma marinin, da bai taɓa zama a aji ba, ranar shi ne malami, har ya nuna musu inda masu bugu ke dukan shadda tana ɗaukar ƙyalli. Gani ya kori ji.

Waɗanda suka yi makarantar kwana a cikinmu ba sa gajiya da ba da labarin nasu zamanin. A kai ka Tiga ka ga madatsar ruwan da aka gina lokacin Gwamna Audu Baƙo, malamin labarin ƙasa ya nuna maka inda ruwan ke bi ya shayar da gonakin Kadawa da Kura, sai ka gane daga ina shinkafar da tumatirin rani suke zuwa. Masu rabo a kai su Yankari su ga giwa, su yi wanka a ruwan ɗumin Wikki. Wasu Daura, kowa ya karɓi guga ya ja ruwa a rijiyar Kusugu, a biya ta Katsina a ga hasumiyar Gobarau. Tun asuba ake haɗuwa a filin asembili. Uwaye sun ƙulla guzuri tun dare, garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari, mai gata da dambun nama a leda. Monita na riƙe da takardar sunaye, malami ya ƙirga kawuna a ƙofar bas, ya sake ƙirgawa bayan an zauna, a yi addu'ar tafiya, direba ya tayar. Siniya da juniya da ba sa haɗa kwano a makaranta, ranar sai ka gan su hannu ɗaya a leda ɗaya.

Wani zai ce ai wancan zamani ne, yanzu hanya ba ta da daɗi. Gaskiyarsa. Tun da aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, aka sake kwashe 'yan mata a Jangebe a Fabrairun 2021, babu uban da zai ji an ce za a fita da yara cikin bas bai ji gabansa ya faɗi ba. Ba na ganin laifin wanda ya hana ɗansa doguwar tafiya ta cikin daji, kuma shugaban makarantar da ya soke ta bai yi kuskure ba. Ga tsadar mai ta sa hayar mota ta yi sama. Amma dutsen Dala ba daji ba ne. Kurmi ba daji ba ce. Gidan namun daji na Audu Baƙo yana nan a titin Zoo, a cikin gari. Duk waɗannan ana iya zuwa bayan karin kumallo a dawo kafin azahar, wasu ma a ƙafa. Tsoron hanyar Birnin Gwari bai kamata ya hana yaro hawa dutsen da yake hangowa daga soron gidansu ba.

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne wajen 'yan mata. Maƙwabciyata, Allah ya saka mata, ita ta je har gida ta sami wani mijin ƙawarta da ya hana 'yarsa zuwa irin wannan ziyara. Ta gaishe shi ta ce, "Alhaji, yarinyar nan fa kullum ita kaɗai take hawa adaidaita ta tafi makaranta ta dawo. Yau da malamai mata biyu za su raka su, da rana tsaka, shi ne za a ce ta zauna?" Ya ce shi dai bai saba ba. Ta ce, "To ni zan bi su, ka bar ta a hannuna." Haka aka yi. Irin wannan ya kamata mu riƙa yi: in hankalinka bai kwanta ba, ka tambayi wace mota ce, wane ne direban, su wa za su raka, ƙarfe nawa za a dawo. Ka karɓi lambar malamin. Uwa ɗaya ko uba ɗaya ya bi su. Wannan haƙƙinka ne, kuma babu malamin kirki da zai ji haushin tambayar.

Su ma malaman a tausaya musu. Wanda ya shirya fitar nan shi ya rubuta takardar neman izini, shi ya je ya yi cinikin mota, sau da yawa shi ke cika wa marayan ajin kuɗinsa daga albashin da bai ishe shi ba. In an dawo lafiya ba mai zuwa ya ce masa sannu. In yaro ya yi tuntuɓe ya fasa gwiwa, washegari ƙofar ofis ta cika da mu. Taron iyaye da malamai kuwa, inda ake yanke irin waɗannan shawarwari, a kira mu mu ce muna kasuwa, sai 'yan tsirarun uwaye ka gani a kan benci.

Don haka, 'yan'uwa, in zango ya kama yaro ya miƙo takardar nan, a karanta ta a lokacin, a yi tambayar da za a yi, a sa hannu. Wanda Allah ya hore wa ya biya wa ɗan maƙwabcinsa da ba shi da hali. In kuma makarantar ɗanka ba ta taɓa fita da su ko'ina ba, ka je taro na gaba ka ɗaga hannu ka ce a fara da Gidan Makama.