Laifi Tudu Ne: Mutanen Allon Zamiya da Rigunansu

A ranar Kirsimeti ta 1965, wani injiniya mai suna Sherman Poppen a garin Muskegon na jihar Michigan ta Amurka ya haɗe katakon zamiya biyu wuri guda domin 'ya'yansa mata su fita su yi wasa a dusar ƙanƙara. Matarsa ta raɗa wa abin suna Snurfer, kuma shekara na zagayowa kamfanin Brunswick ya karɓi lasisi ya zuba shi a kantuna. Ke nan wasan tsayawa a kan allo guda a gangaro daga dutse tun ranar sunansa haja ne, da farashi a goshi ya zo duniya. Wannan ɗan tarihi ya isa ya kashe gardamar da masu wasan suka kwana suka wuni a kanta, wato wane ne ɗan asali, wane ne kuma talla ta jawo. Amma gardamar ta ƙi mutuwa, domin da ita ake jin daɗin hira a kujerar nan mai lilo da ke hawa da mutane kan dutse. Abin da na gani shi ne, duk wanda ke kan dutsen talla ce ta kai shi, kuma shekarun tallar ne kaɗai suka bambanta wannan da wancan.

A fara da Tsohon Hannu, don shi ya fi kowa baki. Rigarsa ta koɗe, gwiwarsa tana ƙara kamar ƙofar langa-langa, kuma ba ya buɗe jimla sai da "a zamaninmu". Yana da hujja, a ba shi haƙƙinsa. Lokacin da Jake Burton Carpenter ya fara ƙera alluna a garin Londonderry na jihar Vermont a 1977, akasarin wuraren zamiya korar masu allo suke yi, ana kallonsu a matsayin 'yan iskan gari da za su ɓata wa masu zamiya da katako biyu da sanda biyu ƙanƙara. Tsohon Hannu yana riƙe da wannan kora kamar takardar gado. Zai ba ka labarin yadda Terje Haakonsen na Norway, gwanin gwanaye a lokacinsa, ya ƙi zuwa gasar Olamfik ta Nagano a 1998 saboda an damƙa wasan a hannun hukumar masu sanda biyu, sai ka rantse tare suka yanke shawarar. Sai dai ka tambaye shi a ina ya fara ganin wasan. A mujalla ne, wadda rabin shafukanta talla ce, da kaset ɗin bidiyo wanda kamfanonin allo suka biya kuɗin ɗaukarsa. Tawayen da yake taƙama da shi ma bugawa aka yi a riga aka sayar masa. Kamfanin Volcom, wanda aka kafa a 1991, da kirarin matasa masu adawa da manya ya yi suna, sai ga shi a 2011 an sayar da shi ga rukunin PPR na Faransa, masu Gucci, a kan sama da dala miliyan 600. Tsohon Hannu bai cire sitikar daga motarsa ba har yau.

Abokin gabarsa shi ne Sabon Ango, wanda daga hula har safa komai nasa sabo ne, launi ɗaya, kamar an fito da shi daga kwali. Wannan bawan Allah laifinsa guda: ya taɓa tsayawa daƙiƙa uku a kan wani bidiyon ƙanƙara a Instagram, daga nan talla ta bi shi kamar mai bin bashi, ya gudu TikTok ya tarar da ita tana jiransa, har ya miƙa wuya ya biya. Sau da yawa rigarsa ta Dope Snow ce ko Montec, tambura biyu na wani kamfanin Suwidin da ke sayarwa kai tsaye ta intanet, kuma sunansu ya zama abin zolaya a bakin tsofaffin hannu saboda yawan tallarsu. A duba shi da kyau a bakin gangara. Ya zauna daɓas a kan ƙanƙara yana kokawa da maɗaurin ƙafa, safar hannu ɗaya a baki, ga wata rata tsakanin hular kwano da tabarau inda goshinsa ke shan iska, ratar da masu wasan ke ɗauka a matsayin katin shaidar baƙo. Ya miƙe da ƙyar, ya tafi taku goma cikin mutunci, gefen allo ya kama ƙanƙara, ya kifa da fuska ƙafafu suka taso ta bayan kai. Wannan faɗuwa da kunama ake kiranta, kuma duk wanda ya ga hoton ya san dalili. Irinsa ake yi wa laƙabi da Jeri, har akwai shafi guda a Instagram da ba shi da aiki sai tattara abin kunyarsu. Abin da masu dariyar suka manta shi ne kowannensu ya yi kunamarsa, kawai dai a lokacin babu waya a aljihun kowa.

Daga Sabon Ango ake samun Jakada. Bayan damina biyu ta ƙanƙara, sai saƙo ya shigo masa cewa wani kamfani ya yaba da salonsa, yana so ya zama wakili. Ma'anar wakilcin ita ce ya sayi kayan da kuɗinsa a ɗan rage masa, a ba shi lambar rangwame ya raba wa mabiyansa, waɗanda rabinsu 'yan uwa ne, sauran kuma Jakadu irinsa. Daga ranar ba ya shan shayi sai tambarin ya kalli kyamara. Hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka ta wajabta wa mai irin wannan alaƙa ya bayyana cewa talla yake yi, shi kuwa yana bayyanawa da murna, domin kalmar ce kaɗai shaidar cewa wani ya san da zamansa. Ƙaninsa shi ne Mai Sanda, ba sandar zamiya ba, sandar kyamara. Tun da Nick Woodman ya kafa kamfanin kyamara na GoPro a 2002, dutse ya cika da mutanen da ke gangarowa suna kallon kansu maimakon hanya. Yakan ɗauki awa shida don ya fitar da daƙiƙa goma sha biyar, a rage gudu, a sa kiɗa, tsallen da bai wuce tsayin turmi ba ya koma kamar tashin shaho.

Malamin Kaya ba sai an daɗe a kansa ba, shi ma ba ya daɗewa a kan ƙanƙara. Ya san bambancin rigar da ke jure ruwa milimita dubu goma da ta dubu ashirin, ya san wane allo ne ya gantsare sama wane ya gantsare ƙasa, yana da fatawa a kan maɗaurin Step On da Burton ya fitar a 2017, kuma kwana huɗu yake hawa dutse a shekara. Wanda ya fi ban tausayi shi ne Ɓeran Fili, yaron da ke wuni a wurin tsalle-tsalle da zamiya a kan ƙarafa, wando kamar buhu, safar hannu an naɗe da salatif. Shi fa ya iya, babu gardama. Yana raina Jakada don ya sayar da kansa, alhali allonsa maƙare yake da sitikun kamfanoni goma sha biyu da ko sisi ba su taɓa ba shi ba. Jakada aƙalla an rage masa wani abu. Wannan kuwa son maso wani ne, ƙoshin wahala.

Za a ce ban yi adalci ba, domin tsofaffin kamfanoni masu wasan ne suka kafa su, kuma sun mayar da biki. Gaskiya ne. Burton ya bi wuraren zamiya ɗaya bayan ɗaya yana lallashi har suka buɗe ƙofa, kuma shi ya ɗauki nauyin Shaun White tun yana ɗan shekara bakwai, yaron da ya zo ya ci zinare a 2006 da 2010 da 2018. Kamfanin da ya gina wasa daban yake da wanda ya tarar da tuwo a gama ya kawo cokali. Amma wannan hujja kamfanoni take rarrabewa, ba ta ce komai a kan mutumin da ke cikin rigar ba. Kuma kyautar ba sadaka ba ce: lokacin da Red Bull ya gina wa White kwarin atisaye nasa shi kaɗai a tsaunukan Silverton na Colorado kafin gasar 2010, lemon gwangwani yake sayarwa, kawai dai ya iya talla. Sannan ga lissafi. A manyan wurare irin su Vail, tikitin yini ɗaya a lokacin cunkoso ya haura dala 300, ban da hayar allo da takalma da masauki. Wanda ya haɗiye wannan kuɗi ya nemi riga mai sauƙi bai ci amanar kowa ba, kuma kuɗin tikitinsa na cikin abin da ke juya kujerar da Tsohon Hannu ke zaune a kai yana zaginsa.

Hujja ta biyu ta fi nauyi: tallar mujalla tana zaune ne sai ka je ka same ta, ta waya kuwa ta san abin da ka kalla jiya da daddare. Wannan bambanci ne na gaske, kuma ya isa a damu da shi. Sai dai idan tarkon ya ƙara ƙarfi, wanda ya faɗa ciki uzuri ya ƙaru masa, ba laifi ba. Kuma tarkon bai bar kowa ba, domin wayar ta san Tsohon Hannu ma, shi take nuna wa allon da aka sake bugawa da zanen shekarun 1990, yana saye yana hawaye. Ta san Mai Wa'azin Yanayi, mai sitikar Protect Our Winters, ƙungiyar da Jeremy Jones ya kafa a 2007, ita ce ke nuna masa tikitin jirgi zuwa Hokkaido ta Japan, ya ƙona man rabin duniya don ya je ya yi jimamin ƙanƙarar da ke narkewa.

Har yanzu akwai wurare uku a Amurka da ba sa barin allo ya taka musu dutse: Alta da Deer Valley a jihar Utah, da Mad River Glen a Vermont. A 2014 wasu masu allo suka maka Alta a kotu, suka sha kaye, suka ɗaukaka ƙara, a 2016 suka sake sha. Idan Tsohon Hannu da Sabon Ango da Jakada da Ɓeran Fili suka jeru a bakin kujerar Alta, mai duba tikiti ba zai ɗaga kai ya karanta abin da ke rubuce a ƙirjin kowa ba. Ƙafafu zai kalla, ya nuna musu hanyar wurin ajiye motoci, su juya a jere, Mai Sanda a baya yana ɗauka.