Funfunar da Ke Hawan Tururuwa

Na ga wasunku sun fara taɓe baki tun daga kan magana. "Ƙanzon kurege ne," in ji na can baya. To, ku gyara zama, malamai.

A dazukan Brazil da Tailan akwai wata funfuna, Ophiocordyceps unilateralis, wadda Alfred Russel Wallace ya fara lura da ita a 1859. Ƙwayarta mai kama da ƙura takan manne a jikin tururuwar da ke zaune a saman itatuwa, ta huda ta shiga, ta yi ta yaɗuwa. Bayan 'yan kwanaki sai tururuwar ta bar sahun 'yan uwanta tana tangaɗi, ta faɗo ƙasa, ta hau wani ɗan tsiro har wajen santimita 25, daidai inda laima ta yi wa funfunar daɗi. Da tsakar rana sai ta ciji jijiyar ganye ta ƙi saki, a nan take mutuwa. Daga ƙeyarta wani tsinke zai tsiro, ya riƙa zubo sababbin ƙwayoyi a kan masu wucewa ta ƙasa.

Ku da ba ku taɓa musun cewa iska na hawan mutum ba, yau funfuna ta hau tururuwa shi ne kuke neman shaida? Ga ta. David Hughes na jami'ar Penn State ya bi waɗannan gawarwaki a dajin Tailan, ya auna tsayin da lokacin. A 2017 shi da abokan aikinsa suka gano abin da ya fi ba ni tsoro: funfunar ba ta shiga ƙwaƙwalwa. Tsokoki take nannaɗewa, ta bar ƙwaƙwalwar yadda take. A Messel ta Jamus kuma an tono ganye mai shekara miliyan 48 ɗauke da tabon irin wannan cizo.

Ko gizo, duk wayon da tatsuniya ta ba shi, bai tsira ba. Wata mai suna Gibellula takan lulluɓe shi a ƙarƙashin ganye.

Masu kallon The Last of Us, shirin da funfuna ke hawan mutane a cikinsa, ku kwantar da hankali, zafin jikinku ya fi ƙarfin wannan funfunar.

"Can ne a dajin wasu," ko? A kusa da Yamai aka samo wata 'yar uwarsu, Metarhizium acridum, a jikin mataccen fara. Shirin LUBILOSA ya mayar da ita maganin feshi mai suna Green Muscle, wanda ke kashe fara ya bar tsuntsu da zuma. Aibinsa guda, ba ya gaggawa: farar kan kai mako biyu kafin ta faɗi, manomin da geronsa ke ƙarewa kuwa ba ya da wannan haƙurin.