Gola, Ga Yadda Za Ka Shiga Idon Baƙo

Da an gama yankan dawa a ƙauyukan Ɗambatta, Makoɗa da Kunci, gonar bayan firamare sai ta koma filin ƙwallo, a kafa sandunan darbejiya biyu a ce ga raga. Yaron da ake turawa tsakanin sandunan nan ba kasafai shi ya zaɓa ba: ko shi ne ƙarami, ko ya fi kowa jiki, ko ya zo a makare. To ƙanena, da kai nake. Ranar da baƙo ya sauko daga mota da ɗan littafi a hannu, aka ce mai neman 'yan wasa ne daga Kano, ga abin da zai duba.

Rage shawagi. Akwai daɗi mutum ya tashi sama ya faɗo cikin ƙura 'yan kallo su ɗau ihu, amma ƙwallon da ta nufo cibiyarka ba ta buƙatar alkafura. Ragar gaske faɗinta mita 7.32, tsayinta 2.44, kuma taku biyu gaba a kan lokaci ya fi toshe ta fiye da kowane tsalle. Inna ma za ta huta da wanki. Kada gajarta ta karya maka gwiwa: Vincent Enyeama ba dogo ba ne cikin gololi, ya kuma buga wa Najeriya wasa 101.

Sai baki, wanda a wurina shi ne kan gaba. Kai kaɗai kake kallon fili gaba ɗaya, 'yan bayanka kuwa ƙeyarsu ba ta gani. Muryar da kake korar awaki da ita daga gyaɗa, ita za ka kawo nan. "Bar mini!" "Na bayanka!" Idan wanka ne yake tsare baya, sakaya sunansa amma kada ka sassauta: "Yaya, koma hagu!" Golan da ya yi shiru saboda kunya, baƙo zai rufe littafinsa ya nemi mai rake.

Kada ka raina kunyoyin gona. Ƙwallon da ta daki tudu ta canza hanya ita ke koya maka durƙusawa ka sa ƙirji a bayan hannu. Ƙafa ma a gyara ta, domin tun 1992 aka hana gola kama ƙwallon da ɗan'uwansa ya turo masa da ƙafa, daga 2025 kuma riƙe ta fiye da daƙiƙa takwas kwana ce ga abokan karawa.

Za a ci ka, ba makawa, kuma a lokacin ne baƙon zai fi zuba maka ido. Kada ka hau tonon gindin sanda kana neman layar da aka binne. Ɗauko ƙwallo, tafa wa mutanenka, a ci gaba.

Idan ya tambayi shekarunka, faɗi na gaskiya. Tun gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 da Kano ta karɓi wasu wasanninta a 2009 ake ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don gane shekaru. In kuma ya ce Baba ya sayar da rago a biya kuɗin gwaji kafin ka taka filin Sani Abacha na Ƙofar Mata, kai shi wurin kocinku da mai unguwa ya maimaita maganar a gabansu.